Rangwamen Sallah a wani shagon yadi na Gujungu

Ranar Lahadin ƙarshe kafin Ƙaramar Sallah na je kasuwar Gujungu da ke Jihar Jigawa saboda wani shagon yadi da aka ce ya karya farashi. Gaskiya an rage kuɗin atamfa, amma da na warware turmi ɗaya a rana sai na ga kwantai ne, har bakin ninkin ya koɗe, shadda mai kyau kuwa tana nan a farashinta. Mai shagon yana da fara'a kuma bai hana kowa tayi ba, sai dai cunkoso ya sa ana auna yadi cikin gaggawa. Idan aka haɗa kuɗin mota da wahalar yini cikin azumi, ragin bai taka kara ya karya ba, ga shi telan ƙauyenmu ya riga ya daina karɓar ɗinki.