Daga Kano Zuwa Akara a Mota: Wace Hanya Za Ka Bi?

Mai niyyar zuwa Akara, babban birnin Ghana, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, farashin tikiti yake fara tambaya. Ni kuwa a ganina tambayar farko ita ce: wa zai tsaya maka a boda? Daga Legas zuwa Akara bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce a gabanka: Seme tsakanin Najeriya da Benin, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao tsakanin Togo da Ghana. Nan lokaci ke tafiya, nan kuma aljihu ke yoyo.

Hanyar da na fi ba mutane shawara ita ce ka shiga babbar bas ta dare daga Kano zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ka kwana a Agege ko Idi-Araba wajen 'yan uwa, da asuba ka kama motar kamfani mai zuwa Akara kai tsaye. ABC Transport da GUO da Chisco sun daɗe a wannan layi. Tikitinsu ya fi tsada, babu musu. Sai dai kamfani kan haɗa fasfunan fasinjoji ya kai wa jami'an shige da fice, kujerarka taka ce, kayanka kuma suna cikin but guda tun daga Legas har ka sauka. Mace mai tafiya da yara, ko dattijo, ko wanda bai taɓa ƙetare iyaka ba, kada ma ya tsaya dogon lissafi. Kafin ka biya dai ka tambaya ko kuɗin boda na cikin tikiti, da nawa ake caji kan kaya, domin farashin mai fasfo sabo dal da ba a taɓa buga wa hatimi ba kan bambanta.

Akwai kuma tafiyar guntu-guntu: daga Mile 2 zuwa Seme, ka taka ka ƙetare, ka shiga tasi zuwa Kwatano, daga nan Lome, ka tsallaka Aflao ka hau motar Tudu a Akara. Ta fi araha in jakarka ɗaya ce kuma kana ɗan jin Faransanci. Amma za ka canza naira zuwa sefa, sefa zuwa sidi, kuma a kowace tasha 'yan kamasho da 'yan canji sun san baƙo tun daga nesa. Mai buhuna biyar na kaya, abin da ya rage a tikiti zai biya shi ga masu dako.

To, hanyar arewa fa? Jibiya, Maraɗi, Yamai, Wagadugu, Paga, Tamale, Kumasi. Nijar na da kamfanoni irin su Rimbo da STM masu manyan bas. Matsalar ita ce tsaro tsakanin Yamai da Fada N'Gurma ta Burkina Faso, ga shi tun juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 lamarin iyakoki ya rikice, sannan Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ban ba kowa shawarar ta ba, sai wanda ya ji daga bakin direban da ya biyo ta a makon nan.

Ko wacce ka zaɓa, riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. A Aflao ana tambayar katin nan, kuma yin sa a gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.