Injin keken ɗinki ko na batir: wanne ya fi a naɗin koyil ɗin jita?

Ɗan'uwa, ka ce za ka haɗa na'urar naɗa koyil na fikof, abin nan da ke ɗaukar sautin tsirkiyar jitar lantarki, kana tambaya ko injin keken ɗinki za ka sa ko ƙaramin injin DC mai volt 12. Kowanne zai juya kwarkwaro, wato abin da ake naɗa wayar a kai, amma wayar ce za ta raba gardama. Lamba 42 a ma'aunin kaurin waya na AWG ake amfani da ita, kaurinta milimita 0.063, kusan silin gashi. Fikof irin na jitar Stratocaster yana cin zagaye wajen 8,000, mitar gwajin wuta ta nuna kusan ohm 6,000. Wayar masu gyaran fanka ta yi kauri, tun kafin ka kai rabi za ta cika kwarkwaron.

Injin keken ɗinki ba ya wuyar samu a Kasuwar Sabon Gari, da abin takawarsa, hannayenka biyu suna kan waya. Matsalarsa fizga. Ka ɗan taka ya yi gurnani bai motsa ba, ka ƙara kaɗan ya zabura, a nan waya ke tsinkewa. Gudunsa kan kai 6,000 a minti, ya yi yawa. Sa fuli mai santimita 2 a kan injin, mai santimita 10 a kan sandar da ke riƙe kwarkwaro, gudun ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar, sannan ka cusa guntun katako a ƙarƙashin abin takawar don kada ƙafa ta zarce. In an ɗauke wuta kana zagaye na 5,000, sai ka liƙe wayar da salatif ka jira.

Na DC, irin mai lamba 775, da allon rage gudu na PWM, yana tashi a hankali yadda ka murɗa, ya tsaya inda ka ajiye shi. Batirin sola ya ishe shi. In ka sauya wayoyinsa biyu sai ya juya baya, abin da ake buƙata ga fikof na tsakiya cikin ukun da ke kan jitar, wanda ake naɗewa a juye don rage ƙugi. A injin keken ɗinki sai dai ka kifa kwarkwaron. Don haka ni na DC na zaɓa maka, sai fa in akwai na keken a ajiye a gida.

Sauran kayan ɗaya ne. Sanda mai milimita 8 a kan boris biyu, da faifan katako a bakinta. In kwarkwaron bai zauna daidai tsakiyar faifan ba, waya za ta taru gefe ɗaya. A gabansa ka kafa wata sanda mai santsi da zobba biyu, su hana waya tsallake baki. Dunƙulen wayar a tsaye yake zama a ƙasa, tana zarewa ta sama, ba ya juyawa. Goge bakin kwarkwaro da sanfefa mai laushi, ɗan kaifi kaɗan yana kankare fentin waya ya haɗa shot.

Wajen ƙirge, dabarar sa maganaɗisu da makunnin reed, wanda maganaɗisun ke kunnawa duk zagaye, a kan maɓallin = na kalkuleta tana tsallake lissafi in gudu ya yi yawa. Na'urar ƙirge mai firikwensin Hall, mai jin wucewar maganaɗisu, ta fi. A gudun 1,000 minti 8 ne aikin, amma fara da 400 har yatsu su saba: in ka matse da yawa waya ta miƙe ta sirance, in ka saki koyil ya yi sako-sako ya riƙa kuka a lasifika. Bayan mita ta tabbatar babu tsinki, tsoma fikof ɗin a narkakken kyandir kashi 80 da kakin zuma kashi 20, zafi wajen digiri 65, har kumfa ta daina tasowa.