QField: manhajar da ta sa na jingine tawa

Wata uku na yi ina fama da rubuta manhajar Android tawa ta kaina. Wata ƙungiya ce ta ba ni aiki: a bi famfunan tuƙa-tuƙa da rijiyoyin burtsatse na wata ƙaramar hukuma a Jigawa, a san inda kowanne yake, da mai ba da ruwa da wanda ya mutu. Ni kuma da rawar kan wanda bai daɗe da koyon Kotlin, yaren rubuta manhajar Android, ba, na ce ai wannan aikin mako biyu ne. Nuna taswira a fuskar waya bai ba ni wahala ba. Inda gizo ke saƙar shi ne taswirar ta buɗe a ƙauyen da babu sabis, mutum shida su yi gyara a wayoyi shida, sannan a haɗa aikinsu ba tare da wani ya shafe na wani ba. Nan na ga uwar bari. Wani abokina da ya karanta safiyo ya leƙa kwamfutata, ya yi dariya ya ce, "Malam, me ya kai ka haƙa rijiya a bakin kogi? Sauke QField."

QField manhajar tattara bayanai a kan taswira ce a bakin aiki. Kamfanin OPENGIS.ch na ƙasar Suwizalan ne ya yi ta, kyauta ce, kuma lambobinta a buɗe suke ga duk mai son ya duba ko ya gyara. Tana hawa Android da iPhone da Windows. Amma fa ba ta tsayawa da ƙafarta: 'yar rakiyar QGIS ce, babbar manhajar taswira ta kwamfuta wadda Gary Sherman ya soma a 2002. A QGIS za ka tsara komai, wato shimfiɗun taswirar, launin ɗigo, da fom ɗin da ma'aikaci zai cike. Daga nan wani ɗan ƙari mai suna QFieldSync ya ƙunshe aikin ya miƙa wa waya. Yadda ka tsara shi a kwamfuta, haka zai bayyana a hannun mai shiga daji.

Fom ɗin ne ya fi burge ni. Duk tambayoyin da Hausa na rubuta su, har da ƙ da ɗ da ɓ, kuma sun fito daram. Ma'aikaci yana ganin "Ya lalace", rumbun bayanai kuma yana ajiye lamba 2. Na tsara ta yadda idan ya zaɓi "Ya lalace" sai wasu tambayoyin su buɗe: kan famfon ne, ko sarƙa, ko ruwan ne ya ƙafe? Idan bai ɗauki hoto ba, fom ba zai yarda ya ajiye ba. Kwanan wata da ma'aunin ingancin GPS na lokacin da aka ɗiga wurin, da kansu suke shiga. Duk wannan ban rubuta layin Kotlin ko ɗaya ba, sai 'yan gajerun ƙa'idoji a cikin QGIS. Famfo mai rai shuɗi, matacce ja. Da na nuna wa wani dagaci fuskar wayar, ya daɗe yana kallo, sai ya sa yatsa a kan wani jan ɗigo ya ce, "Wannan na bayan makaranta ne, tun kafin azumi ya tsaya." Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ne."

Akwai abin da sai da na yi ta nanata wa yaran aiki: GPS ba ya cin data. Waya tana sauraron taurarin ɗan'adam ne kai tsaye, ko babu sabis ko babu layi a ciki. Abin da ke buƙatar intanet shi ne hoton taswirar da ke ƙasa, shi kuwa tun daga ofis na zuba shi a waya. Sai dai ba tare da taimakon sabis ba waya takan ɗan jima kafin ta gane inda take, kuma ko a sararin fili kuskuren mita 3 zuwa 5 ba abin mamaki ba ne. A ƙarƙashin inuwar darbejiya ko cikin lungu ya fi haka. QField tana da wani saiti da ke hana ɗiga wuri idan kuskuren ya wuce iyakar da ka sa. Yaran sun tsani saitin nan, don yana tsayar da su cikin rana suna jira. Ni kuwa ba zan sake fita aiki ba tare da shi ba.

Kunyar da na sha, ni na jawo wa kaina. An ba ni tsohon jerin rijiyoyi da lambobin wurarensu, na loda ban tambayi komai ba. Muna isa ƙauye na farko, waya ta ce famfo yana tsakiyar gonar gero, alhali ga shi can a bakin hanya yara suna ta tuƙawa. Na biyu ma haka, na uku ma haka, kuma duk gefe ɗaya suka karkata. Ashe an auna su ne da ma'aunin Minna, tsarin lissafa lambobin wuri wanda tsofaffin taswirorin Najeriya ke kai, waya kuma da WGS 84, ma'aunin GPS, take aiki, tsakaninsu kuwa a yankinmu akwai tazarar fiye da mita 70. Da na koma na gaya wa QGIS ainihin ma'aunin shimfiɗar, kowane ɗigo ya koma mazauninsa. Duk mai wannan sana'a ya kuma tuna cewa Najeriya ta ratsa shiyyoyi uku na UTM, tsarin da ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya: 31 da 32 da 33. Sakkwato tana 31, Kano da Dutse suna 32, Maiduguri tana 33.

Dawo da bayanai hanya biyu ce. Ko da kebul, waya bayan waya, wanda kyauta ne amma yana son natsuwa da tsari. Ko ta QFieldCloud, rumbun ajiyarta na intanet, inda kowa zai danna ya tura gyaransa idan ya samu sabis. Akwai matakin kyauta mai ɗan ƙaramin wurin ajiya, kuma hotuna ba sa wasa wajen cinye wuri, don haka aikin ƙungiya sai an biya, da kuɗin waje. A rage girman hoto tun daga saitin aikin, a kuma ba kowane famfo lambar shaida wadda ba za ta yi karo da ta wata waya ba. Batun caji kuwa, allo a kunne da GPS yini guda cikin zafin watan Afrilu, kowa ya riƙe fawa bank kawai.

Ba kowa zan tura wajenta ba. Idan aikinka tambayoyi ne hamsin da ɗigo ɗaya a ƙarshe, manhajojin cike fom irin KoboCollect ko ODK Collect sun fi sauƙi, a Excel ma za ka tsara fom ɗin, kuma ma'aikatan lafiya da yawa a Arewa sun riga sun saba da su. Idan ma'aikatarku tana da lasisin Esri, kamfanin manhajar taswira, manhajarsa ArcGIS Field Maps na nan. QField ta wanda yake so ya ga abin da ke kan taswira ne yana tsaye a wurin, ya matsar da ɗigo, ya ja layin bututu, ya kewaye gona. Kuma dole a samu mutum ɗaya a tawaga da ya iya QGIS sosai, in ba haka ba a tafi da kwando ɗiban ruwa. Mai auna iyakar fili na takardar mallaka kuma kada ya dogara da GPS ɗin waya. Manhajar tana karɓar na'urar aunawa ta waje ta Bluetooth, sai ya nemo ta.

Sababbin fitowarta sun ba da damar rubuta ƙananan ƙari da yarukan kwamfuta na QML da JavaScript, don haka hannuna bai rasa abin taɓawa ba. Yanzu maɓalli ɗaya nake haɗawa, wanda makaniki zai danna ya ga matattun famfuna biyar mafi kusa da inda ya tsayar da babur ɗinsa.