Darasin gogen Turawa ta waya a Damagaram

Malamar da ke koya wa ɗana biyolin, wato gogen Turawa, matashiya ce da ke karatun kiɗa a Faransa, tana kuma fita wasa a manyan zaurukan can. Ta WhatsApp suke darasin duk Asabar, minti 45, ina biyan jaka shida kowane zama. Masu tsayar da ni a Kasuwar Dole suna tambaya ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu, to tana biya.

Abin da ya sa nake girmama ta shi ne ba ta gaggawa. Watan farko yaron bai kaɗa waƙa ko ɗaya ba. Riƙon sandar goge kawai, da ɗora kayan tsakanin haɓa da kafaɗa, da jan tsirkiyoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya a gaban madubi. Wuyan biyolin ba shi da layukan ƙarfe irin na jita, saboda haka kunne ne ke nuna wa yatsa inda zai sauka. Ya kauce kaɗan, sai ta ce, "Yaro na, rera da baki tukuna, sannan ka nemo shi." Yanzu da kansa yake gyara sautin kafin ta yi magana, kuma duk sanda na ji haka daga tsakar gida raina fari yake yi.

Ba ta yi mana alkawarin ƙarya ba. Ta ce ita tana shekara shida ta fara, da ƙaramin biyolin na yara, kuma har gobe sa'o'i take yi kullum tana bita. Ta ba shi labarin gasar biyolin ta Menuhin, wadda aka fara a 1983 don 'yan ƙasa da shekara 22, ta ce masu kaiwa can galibi tun suna ƙanana sosai aka ɗora su. Nawa shekararsa goma. Ta ce ya fara iya kiɗa mai tsabta, sauran sai Allah.

Matsala tana nan. Rezo, wato layin intanet, na yankewa, kuma ko yana da kyau sauti na makara, ba su iya kaɗawa tare. Ta rage asarar da dabara: ranar Talata yaron ya ɗauki bidiyon bitarsa ya aika, ita ta maido da gyara cikin murya, ba ta ƙara ko dala.

Babban abin shi ne hunturunmu. Katakon biyolin na son danshin iska wajen kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, mu kuwa ƙura da bushewa. Turakun ɗaure tsirkiya sai su saki, katako na iya tsagewa. Ta sa muka riƙa ajiye jiƙaƙƙen soso cikin ɗan gwangwani mai huji a akwatinsa, kuma ya taimaka. Mai gyara ban samu ba a garin nan, tsirkiya ma sai an aiko daga Yamai ko Kano. Wani dattijo mai goge a unguwar Birni ne ya duba mana sandar, ya gane izgar doki ce irin tasa, ya nuna wa yaron yadda ake shafa ƙaro ba tare da an cika ba.

Duk mai son saka ɗansa, ya nemi malamar ta gaya masa girman biyolin da ya dace da hannun yaron kafin ya saya, ya kuma sayo tsirkiya ninki biyu tun kafin sanyi ya shigo.