Sharhi: 'yar na'urar rimot mai shiga bakin caji, da abubuwan da ake ta cire wa wayoyi

'Yar na'urar nan da ake soka wa waya a bakin caji domin ta zama rimot ana samunta yanzu a shagunan kayan waya na PZ da Sabon Gari a Zariya, a rataye kusa da caja da iyafis. Girmanta bai wuce kan ɗan yatsa ba: gefe ɗaya bakin USB-C ne, ɗaya gefen ɗan ƙwai mai fitar da hasken infirared. Na yi aiki da ita a waya marar infirared, na kuma gwada ta tare da wata waya mai nata na ciki, a kan talabijin, dikoda, fanka mai rimot da iyakwandishan. Tana aiki, ba na musu. Amma ba ta kama ƙafar wanda kamfani ya dasa a cikin waya ba, kuma duk wanda bai riga ya sayi waya ba, gara ya nemi mai infirared tun farko.

Rimot ba wani siddabaru yake yi ba. Ƙwan da ke bakinsa yana fitar da haske mai tsawon zango kusan nanomita 940, wanda ido ba ya gani, yana ƙyafta shi wajen sau 38,000 a daƙiƙa. Na Sony sau 40,000 ne, tsohon tsarin Philips kuma 36,000. A cikin ƙyaftawar nan ake jera lambar kowane maɓalli. Shi ya sa manhaja kaɗai ba ta mayar da waya rimot, sai da ƙwan. Manhajojin da ke cika Play Store suna cewa kowace waya za ta sarrafa kowane talabijin, ko dai ta Wi-Fi suke bi, wanda sai talabijin mai intanet, ko kuma talla kawai za su yi ta jefo maka.

Saita na'urar yana da matakai, kuma a na farko mutane suka fi maƙalewa. Sai ka shiga saitin waya ka kunna OTG, domin ta nan ne waya ke ba ta wuta. Wayoyi da dama suna kashe OTG da kansu in aka yi minti goma ba a yi amfani da shi ba, sai mutum ya ɗauka na'urar ce ta ƙone. Bayan haka ka sauke manhajar da aka rubuta a jikin kwalinta, ita kaɗai. Mi Remote, manhajar rimot ta Xiaomi, da ire-irenta ba za su gan ta ba, saboda su ƙwan cikin waya suke nema ta hanyar da Android ta tanada tun fitowar 4.4 a 2013, ita kuwa wannan baƙuwa ce da ta shigo ta USB. In ka soka ta, waya za ta nemi izini, ka amince. Kafin ka zargi talabijin, ɗauko wata waya ka buɗe kyamara, ka saita ƙwan a gabanta ka danna maɓalli. In ka ga ɗan haske mai ruwan shuni yana ƙyaftawa, na'urar lafiya take. Kyamarar gaba ta fi nuna shi, domin ta bayan wasu wayoyin tana tace infirared.

A talabijin na manyan kamfanoni ba a shan wahala: ka zaɓi suna, ka danna maɓallin kunnawa, ya amsa. Matsalar tana wajen risibar tauraron ɗan'adam da talabijin marasa sanannen suna, waɗanda su ne suka fi yawa a gidajenmu. Sunansu ba ya cikin jerin, sai ka bi lambobi ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ajiye lamba don kawai ta kunna na'ura. Gwada ƙara murya, canja tasha, menu da OK, domin sau da yawa lambar kunnawa ɗaya ce a na'urori daban-daban amma sauran sun saɓa. Fankar caji mai rimot ita ce ta fi ba da wuya; yawancinsu babu lambarsu ko'ina, sai na'ura mai iya koyo daga rimot na asali, kuma irin mai arahar nan aikawa kawai take yi, ba ta karɓa.

Iyakwandishan shi ne inda abin ya fi amfani, musamman a bazara, Maris zuwa Afrilu, a ofis ko masauki ko ɗakin karatu inda rimot ɗaya ke yawo tsakanin ɗakuna. Rimot ɗinsa ba kamar na talabijin ba ne. Duk dannawa ɗaya yana aika komai gaba ɗaya: yanayin aiki, ma'aunin sanyi, ƙarfin iska, kaɗawar fiffike. Saƙon yana da tsawo, don haka in hannu ya motsa kafin ya gama fita, injin ba zai yi ƙarar amsawa ba. Kuma waya ba ta san halin da injin yake ciki ba. In wani ya sa shi a 18 da rimot na asali, kai kuma manhajarka tana kan 24, da ka taɓa ko da maɓallin iska ne zai koma 24. Ba lalacewa ba ce, haka tsarin yake. In injin ya kunnu amma ma'aunin sanyi bai yi daidai ba, lambar ta kusa ce amma ba ita ba ce, a ci gaba da nema.

Inda na'urar ta gaza a fili yake. Nisanta taku biyar zuwa shida ne, kuma sai an saita ta sosai. Hasken rana da ke shigowa ta taga yana ƙara rage shi, haka ƙurar hunturu in ta rufe idon na'urar da ake sarrafawa. Bakin caji a ƙasan waya yake, dole ka juya wayar kai ƙasa, kuma ba kowace manhaja ke juya fuskarta ba. Rigar waya mai kauri tana hana ta shiga har ƙarshe. Ba ka caji tana ciki. Yawan soka ta da zare ta yana sassauta bakin caji, wanda gyaransa ya fi kuɗin na'urar. Ga ta ƙarama, ɓacewarta ta fi ta rimot ɗin sauƙi. Manhajar kuma tana neman izinin abubuwan da ba ruwan rimot da su, kamar wurin da kake da lambobin mutane; a hana ta. Akwai wani nau'in mai shiga ramin iyafis, wanda ke amfani da sauti wajen kunna ƙwai biyu. Sai an ƙure murya yake aiki, kuma ƙarfinsa bai kai na USB ba. Ban ba kowa shawarar sayensa ba.

Wayar da ke da infirared na ciki ba ta da yawancin waɗannan matsalolin: galibi ƙwan yana saman waya, ka nuna ka danna. Abin takaicin shi ne a da ba sai an nema ba. HTC One da Galaxy S4 sun zo da shi a 2013, LG G2 zuwa G5 duk suna da shi, Galaxy S5 da S6 na Samsung ma haka. Samsung ta cire shi a Note 5 a 2015, sannan a S7 a 2016, iPhone kuwa ba ta taɓa sa shi ba. Yau Xiaomi ce ta fi riƙe shi, a yawancin Redmi Note da Poco, OnePlus 12 ma ta zo da shi.

Hujjar da ake bayarwa ta cire irin waɗannan abubuwa ita ce ƙarancin wuri da kare waya daga ruwa. Ban gamsu ba. Galaxy S5 ta 2014 tana da infirared, ramin iyafis, gurbin memori da batir mai cirewa, kuma tana da shaidar IP67 ta jure ruwa da ƙura. Abin da ya fi kama hankali shi ne kowane abu da aka cire akwai wanda za a sayar maka a madadinsa. Apple ta cire ramin iyafis a iPhone 7 a 2016, a shekarar ta fito da AirPods, iyafis ɗinta marar igiya. Galaxy S21 ta Samsung ta zo a 2021 ba gurbin memori, ba kan caja a kwali. Mai son wurin ajiya ya sayi mai 256GB ko ya biya ma'ajiyar intanet.

Mu a nan asarar ta fi tsanani. Ramin iyafis ba na jin waƙa kaɗai ba ne: igiyar iyafis ita ce eriyar rediyon FM na waya. In ramin ya tafi, galibi rediyon ma ya tafi, kuma na Bluetooth ba ya zama eriya. Mai jin labarai da tafsirin azumi kyauta sai ya koma ƙona data, ga wani abin caji ya ƙaru a garin da wuta ba ta da tabbas. Memori kuwa shi ne rumbun ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko Kongo: littattafai, darussan bidiyo, karatun malamai da ake turawa a shagon masu ɗora abubuwa a waya. In gilashi ya fashe ko injin ya mutu, a zare kati a sa a wata wayar, komai na nan. Ma'ajiyar ciki kuwa tare take mutuwa da injin. Batir mai manne da gam sai an gasa bayan waya kafin a ɓamɓare, kuma bayan an buɗe da wuya ta koma jure ruwa kamar da. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da za ta fara aiki a 2027 kan sauƙaƙa canja batir, wataƙila mu ma mu sami rabonmu, tunda kamfanonin ɗaya ne.

Wajen saye, kada a tsaya ga abin da mai shago ya faɗa. A duba saman waya: infirared ɗan baƙin ɗigo ne mai sheƙi, ba rami ba; ƙaramin ramin da ke kusa da shi makirfo ne, kada a soka masa allura. Wasu sababbin wayoyin sun ɓoye shi a cikin gidan kyamarar baya, don haka a buɗe manhajar rimot a yi gwajin kyamara a nan cikin shagon. A zaro tiren layi a ƙirga gurabensa: uku na nufin layi biyu da memori, biyu kuwa na nufin ko dai ka haƙura da layi ɗaya, ko babu memori sam. A soka iyafis mai igiya a buɗe rediyo a ji ko zai kama tasha. Suna ɗaya yana iya zuwa da nau'in 4G da na 5G masu kayan ciki daban, saboda haka a karanta cikakkiyar lambar samfurin a jikin kwali kafin a miƙa kuɗi.