Shagon gyaran da ya mayar da talabijin ɗinmu kan intanet ba tare da an kwance shi ba

A Birnin Kebbi masu gyaran talabijin ba su yi kaɗan ba, sai dai da yawa daga cikinsu sun koyi sana'ar ne a zamanin da aikin talabijin bai wuce kama tasha ta eriya ko ta dish ba, saboda haka idan aka kawo musu wanda ya ƙi hawa intanet, hannunsu kan sukudireba yake fara zuwa. Wannan ne ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani a wani ɗan shago da ke kusa da Titin Ahmadu Bello, wanda na kai wa talabijin ɗin gidanmu ana saura kwana 4 a fara azumi.

Talabijin ɗin na mahaifiyata ne, kuma babban amfaninsa a wurinta shi ne kallon sallar Harami kai tsaye ta YouTube. Da yake agogon Makka yana gaban namu da awa 2, tarawihin can yakan faɗo mana ne wajen lokacin shan ruwa, kuma shekara uku ke nan ba ta yarda ya wuce ta. Matsalar ta fara ne ranar da muka ajiye ƙaramar na'urar intanet ta aljihu da muke amfani da ita, muka sayo babbar rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida, mai ɗaukar siginar 5G. Wayoyin gida duka suka hau nan take, kwamfutar ƙanena ma ta hau, amma talabijin ko sunan sabuwar rautar bai nuna ba a jerin abin da yake gani, alhali yana nuna na maƙwabta har guda biyu. Mai gyaran farko da na kira ya duba na 'yan mintoci, ya ce fanel ɗin wayifai ne ya ƙone, sai an aika Kano ko Sakkwato a sayo wani. Maganar ba ta kwanta mini ba, domin abin da ya ƙone ba zai riƙa ganin rautar maƙwabta ba.

Shagon da na je daga baya ƙarami ne, benci ɗaya ne na zama, ga talabijin da rediyoyi jibge har kusa da rufi. Mai shagon ya saurare ni har na gama, ya yi mini tambaya uku: yaushe abin ya fara, me aka canza a gida a ranar, kuma talabijin ɗin yana ganin sunan rautar ya ƙi shiga ne, ko kuwa ba ya ganinta sam? Daga nan ya jona shi da wuta, ya kunna hosfot na wayarsa, wato wayifan da waya ke ba wasu na'urori, ya sa shi a kan zangon gigahaz 5, talabijin bai gan shi ba. Ya mayar da shi kan gigahaz 2.4, sai ga sunan wayar ya fito a allo, ya sa kalmar sirri da rimot, ya shiga.

“Malam, kayanka lafiyarsa ƙalau,” in ji shi. “Ciwon yana gida. Ka mayar da shi, zan biyo ka bayan la'asar.”

Bayanin da ya yi mini a tsaye ya fi mini gwajin kansa amfani. Ya ce wayifai zango biyu ne aka fi amfani da su, kamar yadda rediyo yake da gajeren zango da matsakaicin zango, kuma akwatin da aka ƙera don ɗaya ba ya kama ɗayan. Zangon 2.4 ya fi nisan zuwa, ya fi iya ratsa bango, amma ya fi cunkoso, gudunsa kuma bai kai na ɗayan ba. Zangon 5 ya fi sauri, amma bango biyu na bulo kan raunana shi ƙwarai. Talabijin masu sauƙin kuɗi da tsofaffin ƙira da yawa zangon 2.4 kaɗai suke ji. Ya kuma ja hankalina ga wani ruɗani da ni ma nake ciki, wato 5G da ake rubutawa a kwalin rauta daban yake da gigahaz 5 na wayifai: na farko shi ne hanyar da rauta take karɓo sabis daga turken kamfani, na biyu kuma hanyar da take rarraba shi a cikin gida.

Bai zo bayan la'asar ba, sai da aka idar da magariba, kuma bai kira ya sanar ba. Wannan aibi ne da ya kamata ya gyara, domin na bar wani uzuri na zauna jiransa. Amma da ya zo, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe da Hajiya, ya nemi izinin shiga ɗakin da rautar take. Ya juya ta, ya karanto lambar shiga saitinta da ke manne a ƙasanta, irin lambobin nan masu farawa da 192.168, ya buɗe shafin a wayarsa. A nan aka ga zangon 2.4 a kashe yake, kuma ƙanena ya amsa cewa shi ya kashe shi ranar da aka kawo ta, don ya ji an ce ɗayan ya fi gudu. Mai gyaran ya kunna shi, ya ba kowane zango sunansa daban don kada a riƙa rikita su, ya kuma mayar da tsarin tsaro kan WPA2, domin a cewarsa tsofaffin na'urori da yawa ba su san WPA3 ba, wanda bai fito ba sai a 2018. Ya ƙara da cewa a talabijin na hannu da ake shigowa da su daga Amurka yakan tarar da wata matsalar ta daban: a can layukan zangon 2.4 daga 1 zuwa 11 ake amfani da su, saboda haka idan rauta ta zaɓi layi na 12 ko na 13, irin wannan talabijin ba zai gan ta ba sai an dawo da ita ƙasa.

Talabijin ya hau, alamar wayifai ta cika, amma YouTube ya ƙi buɗewa. A nan ne na ƙara tabbatar da cewa mutumin ya san aikinsa, domin bai ɗora wa kamfanin sabis laifi ba, bai kuma ce a goge komai a sake saiti daga farko ba, wanda da ya jawo mana asarar duk asusun da muka shigar. Kai tsaye ya tafi wurin kwanan wata, sai ga shi talabijin ɗin yana nuna 1 ga Janairu na wata shekara da ta daɗe da wucewa. Ya bayyana cewa talabijin da yawa ba su da batirin riƙe agogo, daga intanet suke karɓar lokaci, don haka idan aka ɗauke wuta alhali ba su kan intanet, sai agogon ya koma baya. Manhajojin kallo kuwa suna duba takardar shaidar tsaro mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma idan kwanan watan na'ura bai faɗa tsakanin ranakun nan ba, sai haɗin ya ƙi. Ya gyara ranar da hannu, ya sa lokacin Najeriya, wato awa 1 gaba da agogon GMT, sannan ya mayar da shi kan ɗaukar lokaci da kansa. Da ya sake danna manhajar, sai ga Ka'aba da masu ɗawafi sun cika allo. Inna ta gyara zama a kan dardumarta, ta matso da tabarau, ta ce masa, “Allah shi yi maka albarka, ɗan nan.”

Kafin ya tafi ya sa muka fito da rautar daga ɗakin ƙanena zuwa falo, muka ɗora ta a saman kabad kusa da taga, nesa da bayan talabijin inda na yi niyyar ɓoye ta. Ya ce idan muna son hutawa gaba ɗaya, mu sayi kebul na intanet mu haɗa rautar da talabijin kai tsaye, tunda irin wannan kebul yana aiki har tsawon mita 100, kuma babu ruwansa da bango ko zango. Ya kuma nuna wa Inna inda ake rage ingancin hoto zuwa 480, saboda hoto mai kaifi yana iya cin data har gigabait 3 a awa guda, abin da zai iya cinye kuɗin wata tun kafin azumi ya raba.

Naira 5,000 ya karɓa, har da kuɗin man babur ɗinsa, gwajin shago kuma bai karɓi komai a kansa ba. Bai sayar mini da ko waya ɗaya ba, kuma ko da na tambaye shi kebul ɗin, cewa ya yi ba ya ajiyewa, in duba wurin masu kayan kwamfuta. Ban ji daɗin rashin rasit ba, musamman ga masu barin kayansu su kwana, domin a shagon na ga alli kawai ake sa wa a rubuta sunan mai kaya a bayan talabijin, kuma alli yana gogewa. Na faɗa masa haka, ya karɓa da kyau, ya ce zai sayi littafi.

Wanda talabijin ɗinsa ya ƙi hawa intanet a garin nan, ina ba shi shawarar ya kai wa wannan shago ko mai irin tsarinsa, ya tafi da rimot ɗinsa, ya kuma ɗauki hoton takardar da ke manne a ƙasan rautarsa. Idan zai nemi a biyo shi gida, ya sa lokacin da safe, kafin shagon ya cika. Mu dai yau sati shida ke nan, an ɗauke wuta ba adadi, kuma duk lokacin da ta dawo talabijin ɗin yana komawa kan intanet da kansa cikin ƙasa da minti ɗaya.