Masu kai saƙo a babur a Legas: wane kaya suke kaiwa lafiya, wane suke ɓatawa

Sana'ar mai tsire a Legas ta dare ce. Ana hura wuta bayan la'asar, amma ciniki ba ya kankama sai an yi isha'i. Shi ya sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, wadda ta fara aiki ranar 4 ga Mayu 2020 bayan kullen korona na makonni biyar, ta taɓa masu tukuba a Agege da Obalende da Idi-Araba a inda ya fi zafi. Ga shi ana cikin azumin da aka ɗauka tun 24 ga Afrilu, rana kuma tana faɗuwa dab da ƙarfe 7. Tsakanin shan ruwa da rufe titi sa'a ɗaya ce kacal. Wanda ya zauna jiran kwastoma ya tako da ƙafarsa, da namansa ya kwana. Da dama daga waɗanda jarinsu ya tsira, tura naman suka riƙa yi har gida ta hannun masu babur ɗin nan masu akwati a baya.

Aikinsu ya amfani mutanenmu ƙwarai, kuma har yau muna ba ɗan kasuwa shawarar ya riƙe su. Sai dai ba kowane kaya ne ke jure hanyar ba, kuma akasarin asarar da ake ɗora wa mai babur tun a hannun mai kaya take farawa.

Masu babur ɗin iri biyu ne. Akwai na kamfani, masu lamba da takardu da akwatin da ake kullewa. Sun yawaita bayan 1 ga Fabrairu 2020, ranar da gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomin Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, har kamfanin Gokada ya bar ɗaukar fasinja ya koma kai saƙo. Dokar Legas tana son girman injin babur ɗin saƙo ya kai cc 200 kafin ya hau manyan tituna. Na biyu su ne 'yan'uwanmu 'yan acaba da haramcin ya raba da abincinsu, suka ɗaura kwando ko kula a bayan Bajaj mai cc 100. Sun fi araha, ana jin yare da su, kuma sun san lungu. Amma kada ka ba su saƙon da zai bi ta titin Ikorodu ko gadar Third Mainland, domin idan aka kama babur ɗin, kayanka sun tafi tare da shi, bawan Allah kuma ya shiga uku saboda odarka. Cikin unguwa nasu ne, tsallaken gari na kamfani.

Kilishi da dambun nama da yaji da kuli-kuli da dabino ba su da matsala. A leda mai kauri, a fitar da iska, a liƙe baki, a sa kwali a ƙasa don kada kilishin ya kakkarye. Ko mai babur ya wuni a hanya ba abin da zai same su.

Tsire da balangu ne suke buƙatar hankali. Zafin nama a rufe yana tara gumi, gumin ya jiƙa ƙulin da ke jikinsa ya mayar da shi kamar kunu. Kuskuren da aka fi yi shi ne naɗe shi yadda ake yi wa mai tsaye a gaban tukuba: nama da albasa da tumatir da kabeji duk a takarda ɗaya. Wannan naɗin na minti goma ne. Na tafiya kuwa, a sauke naman ya sha iska minti biyu ko uku, a naɗe shi a foyil, a ƙara takarda a kai ta tsotse mai, a huda robar tekawe a wuri biyu don tururi ya fita. Albasa da tumatir a ƙulla su daban, yaji ma daban. Da haka zai kai minti 40 zuwa 45 yana nan da daɗinsa. Bayan nan kitse ya fara daskarewa, musamman na rago, kuma naman da ya haura sa'o'i biyu a akwatin da rana ta dake shi bai kamata a ba kowa ya ci ba. Saboda haka mai tukuba a Agege ya tsaya a Ogba da Ikeja da Iyana Ipaja, na Obalende ya riƙe Ikoyi da Victoria Island, na Idi-Araba kuma Surulere da Mushin da Yaba. Oda daga Lekki zuwa Agege tana da daɗin ji, amma a watannin da aka rufe rabin gadar Third Mainland don gyara, daga 24 ga Yuli 2020 zuwa Fabrairun 2021, irin wannan odar ta fi jawo faɗa da kwastoma fiye da riba.

Masu fura da nono da kunun aya da zoɓo su lura da abu guda: girgizar babur da zafi suna sa nono ya ƙara tsami ya tara iska, gora ta kumbura, murfi ya fita. Kada a cika gora, a bar kamar yatsu biyu a sama, a daskarar da ita rabi kafin ta fita, a liƙe murfin da salatif. Kunun aya ya fi kowanne saurin juyawa, shi kam in ba ƙanƙara a akwatin, a haƙura.

A kasuwar kayan gwari ta Mile 12 labarin ya bambanta. Lokacin kullen an ba kasuwannin abinci sa'o'i huɗu ne, daga 10 na safe zuwa 2 na rana, kuma ba kullum ba. Masu kayan gwari da suka fi cin moriyar babur su ne suka daina tunanin kwando suka koma robar fenti: tumatir roba ɗaya, tattasai rabi, attarugu ɗan kaɗan, albasa roba ɗaya, haɗin miyar gida guda. Albasa da dankali a ƙasa, tattasai a tsakiya, tumatir a sama cikin roba mai tauri, kuma a zaɓi wanda bai gama nuna ba. Nunanne a leda, ramukan titin Ketu kaɗai sun isa su markaɗa shi. Babban kwandon da ke saukowa daga mota bai dace da babur ba ko kaɗan, aikin a-kori-kura ne.

Inda aikin ya fi rauni shi ne lokaci. Mai babur na kamfani ba saƙonka kaɗai ya ɗauko ba, akwatinsa na ɗauke da biyar ko shida, kuma zai bi su ne yadda hanya ta zo masa. Idan ya ce maka yana kusa, tambaye shi saƙo nawa ne gaban naka. Abinci mai zafi sai a biya kuɗin kai tsaye, ko da ya fi tsada. Sannan adireshin Legas ba ya kai mutum ƙofa. A sa kwastoma ya turo alamar wurinsa ta WhatsApp, da sunan tashar mota mafi kusa, da lambar waya ta biyu. A rukunin gidaje masu get, lokacin korona ba a barin mai babur ya shiga, sai ya ajiye a wurin maigadi. Sau da yawa maigadin namu ne, gaisuwa ɗaya ta waya da Hausa tana sa ya kula da saƙon kamar nasa.

Kuɗi kuma a karɓa kafin kaya su bar hannu. Biya idan an kawo ya karya mutane da yawa: kwastoma ya kashe waya, naman ya dawo a sanyaye, ga kuɗin zuwa da dawowa a kanka. Hoton shaidar tura kuɗi ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa, don haka a buɗe manhajar banki ko a duba ragowar asusu a ga ya ƙaru. Lissafin kai saƙon ma a yi shi a fili. A ce kuɗin babur naira 1,500 ne, tsiren kuma na 2,000, mai saye zai yi sau ɗaya ba zai sake ba. A tsayar da mafi ƙarancin oda, yadda kuɗin kaiwa ba zai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin kaya ba, ko a haɗa odar unguwa ɗaya ta mutum uku ko huɗu su raba. A sanar a WhatsApp cewa ana rufe karɓar oda ƙarfe 3, babur na tashi ƙarfe 5. Mai amfani da jerin aika saƙo ga jama'a ya sani mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai adana lambarka ba saƙon ba zai isa gare shi ba, don haka a rubuta lambar da manyan baƙaƙe a kan kowace roba da ta fita.